Shekarar da Muka Tafi Kallon Kifi

Masana tarihi sun cika ɗakunan karatu da bayanin abin da ke rusa dauloli: yaƙi, fari, annoba, da 'ya'yan sarauta marasa haƙuri. Na karanta abin da ya sawwaƙa daga ciki, kuma ina jinjina wa wahalarsu. Amma har yau ban ci karo da wanda ya zauna ya rubuta ko shafi guda a kan saƙo ba, wato ɗan ƙullin nan da Bahaushe ke miƙa wa matafiyi yana cewa, “Ba shi da nauyi, kuma a hanyarka yake.” A ganina wannan babban giɓi ne a ilimin ɗan'adam. Da idona na ga saƙo ya yi wa gidanmu abin da runduna ba za ta iya ba, kuma ya yi shi ne cikin gaisuwa da addu'a, ba tare da an ɗaga wa kowa murya ba.

Abin ya faro ne wata Juma'a da rana, a shekarar da nake aji shida na firamare, a gidanmu na haya da ke unguwar Ulaisha a Riyad. Tsohon bene ne mai bango ruwan ƙasa, tagoginsa can sama kusa da rufi, gilashinsu mai hazo, yadda haske zai shigo amma ido ba zai fita ba. A gindin na'urar sanyaya ɗaki akwai bokitin roba da ke tarar ruwan da take ɗigarwa, kuma zubar da shi kowace safiya aikina ne. In aka cire famfo, wannan ɗigon shi ne kaɗai ruwa mai motsi da na sani a duk ƙuruciyata. Mun gama cin abinci ke nan, ni da ƙanwata Ruƙayya muna tattara kwanuka, gidan ya yi irin shirun da yake yi tun farkon makon, ranar da Abba ya dawo da labari. Kamfanin da yake yi wa aikin fassara ya rufe. An mayar da shi hannun sabon kafili, wato wanda ke tsaya wa baƙo a ƙasar, wanda zamanka da tafiyarka ke rataye da sa hannunsa, kuma aikin da aka rubuta a sabuwar iƙamarsa, takardar izinin zama, ba irin wanda ake barin mutum ya zauna da iyali ba ne. Da an rufe makaranta, Umma da mu biyu za mu koma Najeriya. Shi zai tsaya.

Abba ya jingina da bango ya yi tambayar da mutum ke yi in ya san ba shi da abin bayarwa mai yawa. Ya ce, “Hajiya, in da abin da kike so kafin tafiyar nan, ki faɗa.” Na tabbata ya shirya jin bargo, ko tukunyar lantarki, ko ɗan kunnen zinari. Umma tana goge tire, ba ta ɗago ba, ta ce, “Ina so in ga kifi mai rai.”

Umma 'yar Yawuri ce, ɗiyar masunci, ta tashi a gidan da ake shanya taru a kan danga ana yin bandar kifi a tsakar gida. Aure ya ɗauko ta daga bakin Kwara ya ajiye a tsakiyar hamada, a birnin da kifi ke zuwa a daskare cikin kwali kamar itacen girki. A iya sanina ba ta taɓa roƙon ƙasar nan komai ba. Tana yi wa matan unguwa lalle, tana toya masa ranar Juma'a don gwagwaren Hausawa masu aikin gini da tuƙi, ta wanke, ta share, ta rufe ƙofa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ce, tana jiran lallenta ya kama, ta nuna mata a waya wani sabon gidan kifaye da aka buɗe a Jidda, a bakin Bahar Maliya: doguwar hanya ta gilashi, mutane na tafiya a ciki, kifaye na wucewa ta saman kawunansu. Abba ya yi murmushi ya ce ai in kifi ne, nan da ɗan lokaci za ta gan shi har ya gundure ta, tunda gida za ta. Sai ta ajiye tiren. Ta ce, “Malam, ruwanmu ja ne, ba a ganin abin da ke cikinsa. Ni duk kifin da na taɓa gani, a taru na gan shi, yana neman ransa. Ban taɓa ganin kifi yana zaman gidansa ba.” Abba bai sake murmushi ba. Ya ce in sha Allahu za a je.

Ya kamata in faɗi ko wane ne Abba, don a fahimci abin da ya biyo baya. Ya zo Riyad ne yana saurayi a kan tallafin karatun addini, ya gama, ya samu aiki, amma bai taɓa warkewa daga ɗalibta ba. Mutum ne da ba ya sayen buta sai ya ji ra'ayin ɓangare biyu. Saboda haka ya ɗauki tafiyar nan kamar babin fiƙihu. Ya shimfiɗa taswira a kan dardumar falo ya danne kusurwoyinta da kofunan shayi, ya bi hanyar da yatsa daga Riyad zuwa yamma, ta gefen Ɗa'ifa, ta kusa da Makka, har bakin teku. Ya yi mana bitar hukuncin sallar ƙasaru. Ya kwana biyu yana nazarin ko kallon kifi na cikin wasan banza da aka hana mumini, ya fito da sakamakon cewa ba ya ciki, tunani ne a kan halittar Ubangiji, har ma akwai lada ga wanda ya gyara niyya. Ya karanto mana wannan fatawa muna cin tuwo, muka karɓa baki ɗaya. Sabon kafilin ya ba shi ɗan hutun da bai ɗara ƙarshen mako ba sai da kaɗan, da sharaɗin a gan shi a wurin aiki da safiyar ranar komawa. Lissafin Abba ya nuna hutun zai isa: yini a hanya, yini cur wurin kifaye, yini a dawo.

Makonnin nan su ne mafi haske da na tuna a gidan. Umma ta buɗe mana makaranta a kicin. Ni da Ruƙayya a Riyad aka haife mu, Larabci ya fi Hausa zama a bakinmu, kuma kowane kifi a wurinmu “samak” ne. Wannan ya ɓata mata rai. Ta ce, “Duk kifin duniya suna ɗaya? Ashe Larabawa ma da talaucinsu.” Daga baya na gano Larabawan bakin teku na da sunayen kifi da za su cika buhu, mu ne dai 'yan hamada, amma a lokacin na yarda an kama harshen Larabci da rowa. Takan barbaɗa gari a kan tire ta zana da yatsa: ga tarwaɗa da gashin bakinta, ga kurungu mai gurnani in an kama shi, ga minjirya da ke girgiza hannun wanda ya taɓa ta, ga giwan ruwa da sai ƙarti biyu ke ɗauka. In mun faɗi sunan daidai ta share ta zana wani. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu na zaune a teku ba, mu ma ba mu sani ba, Abba kuma da ya sani ya yi shiru. Da la'asar mukan yi gwajin tafiyar. Ruƙayya ta kwanta rigingine a ƙarƙashin teburin gilashin falo, ni kuma in riƙa wucewa da silifas ta sama a hankali, tana kiran sunayensu, sannan mu yi musanya. Umma ta fito da baƙar abayarta ta zuwa biki ta goge ta rataye a bayan ƙofa, tun da sauran lokaci mai tsawo.

Fatawar Abba tana da aibi guda: ba ta aiki sai a cikin bango huɗu. Bayan sallar Juma'a Hausawan yankinmu kan taru a shagon wani tela mutumin Maraɗi, Malam Ɗanjuma, a sha shayi a ji labarin gida, a san wanda iƙamarsa ta ƙare da wanda kafilinsa ya riƙe wa fasfo. A shagon nan Abba malami ne. Shi ake tambaya hukuncin gado da na rantsuwa, shi ke raɗa wa jarirai suna. Ran nan ina zaune a gefensa sai Malam Ɗanjuma, da allura a baki, ya ce, “Malam, na ga an sa wa tsohuwa sababbin takalma. Ina aka nufa?” Motarmu yake nufi, wadda Abba ya canza wa tayoyi. Abba ya dubi mutanen shagon. A gabansa akwai mutanen da suka shekara ba su ga 'ya'yansu ba, akwai mai ɗaukar bulo da hannunsa ya tsattsage, akwai direban da ke kwana a ɗan ɗaki a gindin gidan maigidansa. Ta yaya malami mai furfura a gemu zai dubi waɗannan ya ce zai keta ƙasar Saudiyya daga tsakiya zuwa gaɓa, ya bi ta ƙofar Makka ya wuce, don matarsa ta kalli kifi? Littafi ya halatta. Shagon tela bai halatta ba. Abba ya kurɓi shayi ya ce, “Za mu ɗan leƙa Makka ne, kafin iyali su wuce gida.” Aka ce ma sha Allahu, aka ce Allah Ya karɓa, aka ce a sa mu a addu'a. A mota muna komawa ya ce mini, ba tare da na tambaye shi ba, ai ba ƙarya ya yi ba, umara ba ta cin lokaci, za mu yi ta da hanzari mu wuce.

Ba mu kai ga cire takalma ba aka fara sallama. Duk Bahaushen Riyad yana da wani a Makka ko Jidda, domin can ne mutanenmu suka yi kaka-gida tun zamanin tafiyar ƙafa, kuma ba a barin mota ta tafi yamma da sarari a bayanta. Wata ta kawo kan keken ɗinki za a kai wa 'yarta. Wani ya kawo maganin ciwon suga da gwangwanin madara. Aka kawo ƙullin kuka da daddawa da suka zo daga Kano a jakar wani za su ƙarasa a tamu, aka kawo akwatin lefe, aka kawo tukunya mai murfi an ɗaure ta da tsumma an ce kada a karkata ta. Babu wanda ya zo da lambar gida. Kwatance ake yi: ka hau tudu, ka wuce masallaci mai koriyar ƙofa, ka tambayi gidan mai waina, kowa ya san ta. Umma tana karɓa da hannu biyu, tana cewa ba komai, Allah Ya ba mu ikon isarwa, tana jerawa a jikin bango. A hankali kayan suka haura har suka rufe rabin abayar da ke bayan ƙofa. Abin da na lura shi ne makarantar kicin ta rufe, gari ya koma aikinsa na tuwo.

Saƙo na ƙarshe da ƙafarsa ya zo. Gwaggo Tabawa tsohuwa ce da ke zaune wurin ɗanta a unguwar Shifa, ita ta karɓi haihuwata da ta Ruƙayya a lokacin da Umma ba ta da kowa, saboda haka a gidanmu maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Ta hau benenmu tana hutawa a kowace matakala, ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, “Malam, na ji za ku Ɗakin Allah. Ɗan nan nawa kullum aiki, kullum gobe. Ga gwiwa ta ƙi, ga ido ya fara. Ku sa ni a cikin kaya, ba ni da nauyi. Wa ya sani ko ita ce ta ƙarshe.” Babu wani babi a duk littattafan Abba da ya koyar da yadda ake hana tsohuwa umara. Ya ce, “Gwaggo, ai ko a ka ne ma ɗauke ki.” Umma ta tashi ta kawo mata ruwa.

Muka kama hanya bayan asuba. Gwaggo a gaba saboda gwiwa, mu uku a baya, tukunyar da ba a karkatawa a cinyar Umma. Abin da na riƙe daga wannan yini shi ne hamada, shimfiɗe kamar an goge duniya an manta ba a sake rubuta komai ba, da raƙuma jefi-jefi a bayan shingen waya, da muryar Gwaggo tana ba Abba tarihin auren mutanen da suka mutu kafin a haife ni. A miƙati muka yi wanka, ni da Abba muka ɗaura harami. Ba zan yi wa umarar nan butulci ba. Na ga Umma ta tsaya a gaban Ɗaki tana kuka marar sauti, na ga Abba yana tura Gwaggo a keken marasa lafiya, gumi na bin bayansa, tana nuna masa hanya da sanda kamar shi ne baƙo. Amma abin da Abba ya ce ba ya cin lokaci ya cinye sauran yinin, da ƙarfinmu gaba ɗaya.

Washegari, ranar da taswira ta ware wa kifi, muka fara rabon saƙo a unguwannin kan tudu. A nan na koyi abin da lissafin Abba ya manta. Ba a miƙa saƙo daga bakin ƙofa. Sai an shiga, an zauna, an sha ruwa, an tambayi mutanen Riyad ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba ma shiri da su. Sai an kawo abinci, kuma wanda ya ci a gidan farko bai isa ya ƙi na gida na biyu ba, don labari zai riga shi komawa. In aka ji Abba malami ne sai a tuna da wata tambayar gado da ta daɗe tana jira. Sannan, in an miƙe za a tafi, uwar gida ta ce a ɗan dakata, ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli: a kai wa wance a Riyad, ba shi da nauyi. Mun sauke kan keke mun ɗauki jarkar zamzam, mun sauke lefe mun ɗauki buhun dabino. Tun daga lokacin na daina mamakin yadda ruwan teku ba ya ƙarewa. Motarmu ma ba ta ragu ba. A kowane gida Umma na can cikin mata, ina hango ta ta labule, tana amsa gaisuwa, tana duban hasken da ke jikin bango yana sauya wuri.

Jidda muka shiga a rana ta ƙarshe, da hantsi, da saƙo ɗaya tak a hannu, tukunyar nan. Abba ya ce minti kaɗan ne. Muka tarar da tabarmi a ƙofar gidan da mutane zaune jugum: maigidan ya rasu da safe. Aka karɓi tukunyar ba a ko duba cikinta ba, aka ce Allah ne Ya kawo Malam, shi zai yi addu'a. Wanda ya zo gidan mutuwa ba ya duba agogo. Muka raka gawa, muka dawo, aka yi la'asar, aka sake zama. Da muka samu kanmu a mota rana ta karkata, kuma tsakaninmu da sabon kafili akwai hamadar nan gaba ɗaya.

Abba bai ɗauki hanyar Riyad ba. Sai ya juya yamma. Iska ta canza, ta yi nauyi, ta zo da wani wari da ban san shi ba, na ga Umma ta sauke gilashi ta ɗaga fuska. Sai ga teku a hannun dama, shuɗi har ƙarshen ido, Ruƙayya ta kama hannuna ta matse. Can gaba ga ginin, da hoton kifaye a bangonsa, da mutane na shiga da 'ya'yansu, ƙofa a buɗe. Abba ya rage gudu ya shiga wurin ajiye motoci. Ko da sa'a guda ce, da ta samu. Umma ta gyara mayafinta, ta sa hannu ta laluba takalminta a ƙarƙashin jarkar zamzam.

Gwaggo Tabawa, wadda muka zaci barci take, ta ɗago ta kanne ido tana duban bangon. Ta ce, “Malam, nan kuma gidan wa? Da sauran saƙo ne?” Kafin ya amsa ta gane hoton. Ta yi 'yar dariya ta ce, “Au, wurin nan ne da ake faɗa. An gina wa kifi bene, mutane da hankalinsu suna layi su gaishe shi. Mu da muka baro gawa yanzu. Allah Ka ba mu abin yi.” Ba da mugunta ta faɗa ba. Ba ta san komai ba, domin babu wanda ya gaya mata, kuma na yi imani da Abba ya juya ya ce, Gwaggo, Hajiya ce ke so, da tsohuwar nan ta ce to me ake jira, a nemo mata kekenta. Kalma biyar ce ko shida. Mutumin da ya fassara wa kamfani dubban shafuka ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kansa da sabon askin umara yana sheƙi, ya dubi gaba. Na buɗe baki zan yi magana da Larabci, yadda muke yi in ba ma so tsofaffi irin Gwaggo su bi mu, Umma ta ɗora hannu a gwiwata ta danna.

Abba ya ce, “Hanya na ɓata, Gwaggo.”

Umma ta mayar da ƙafarta inda take. Ta ce, “To a juya, Malam. Kada dare ya yi mana.” Ta ɗaga gilashin.

Ba a sake ambatar kifi a gidanmu ba. Makonnin da suka rage sun tafi a rabon saƙon da muka dawo da shi da ɗaure namu kayan, teburin gilashin aka bar wa maƙwabciya, abayar ta shiga akwati da guga a jikinta. Kowa ya yaba. A shagon tela an daɗe ana ba da misali da Abba, mutumin da ya kai tsohuwa umara ya kuma isar da amanar jama'a ba ko allura da ta ɓata. Gwaggo ta rasu bayan shekara biyu, kuma umarar nan ce ta ƙarshenta kamar yadda ta ce, saboda haka ko a zuciyata ban iya cewa tafiyar ta tashi a banza ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: babu wanda zan ji haushi. A filin jirgi Abba ya riƙe jakar hannun Umma har inda aka hana shi wucewa, ya ce, “Hajiya, ki yafe mini.” Ta ce, “Me ka yi?” Ta karɓi jakar.

Yanzu na dawo Riyad da ƙafata, a kan irin tallafin karatun da ya kawo Abba, ina zaune a unguwar Nasim. Garin ya canza har ina ɓata a titunan da na yi wasa. Wuraren shaƙatawa sun cika ko'ina, an ce har kifayen ma an kawo su nan cikin hamada, mutane na fita da iyalansu ba wanda ke neman fatawa, kuma saƙo ya koma hannun kamfanonin aike, masu karɓar kuɗi su ba ka takarda ba tare da sun tambayi lafiyar kowa ba. Ina ganin wannan ci gaba ne, ko da yake ban taɓa jin wanda aka ba ruwa a ofishinsu ba. Umma tana Yawuri, idonta ya yi yana, ta fi gane mutane da murya. In na kira ta takan tambaye ni ko ina cin abinci, ko ina gaida mutane. Abba har yanzu yana nan, a Shifa, a ɗaki ɗaya da wasu magidanta uku da iyalansu ke gida, kowa da katifarsa da akwatinsa a gefen kai. Ranar Juma'a nakan je mu ci abinci.

A irin wannan zama ne, kwanakin baya, muna wanke hannu, ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Ya ce shekarar da ta biyo bayan tafiyarmu kafili ya aike shi Jidda da wasu takardu. Bai gaya wa kowa ba, ko Malam Ɗanjuma, ya shiga motar haya ba ko ƙulli ɗaya a hannunsa. Ya ari waya mai ɗaukar hoto a wurin wani abokin aiki, ya sa aka koya masa inda ake dannawa, da niyyar ya bi hanyar gilashin nan daga farko har ƙarshe a hankali, ya ɗauko mata komai, ya aika. Ya gama aikin da wuri, ya sa farar rigarsa, ya isa da rana tsaka, lokaci na nan birjik. A wancan zamanin irin waɗannan wurare na da ranakun da ba a barin namiji shi kaɗai ya shiga. Mai gadin ya dubi bayansa ya tambaye shi ina iyalinsa.

Abba ya ce suna Najeriya. Mai gadin ya ce yau ranar iyalai ce.